Tashin Tsuntsayen Ramin Yashi

Ranar wata Juma'a ce, a ƙarshen sanyin shekarar da nake aji huɗu na firamare, ana dab da kiran farko na sallar Juma'a, na tsinci kaina a tsakiyar yashin kogin Wudil, laka ta haɗiye ni har cinya, ga ƙanina Nura ɗan wata bakwai goye a bayana yana sharar barcinsa. Na duba gabas na duba yamma, babu mahaluƙi ko ɗaya. Duk mai ƙafa ya tafi kasuwa ko yana shirin masallaci. Abin da ya rage a wurin daga ni sai 'yan tsuntsayen nan na bakin ruwa masu siraran ƙafafu, waɗanda faɗawata ta firgita suka tashi fir, suka yi kewaye ɗaya a sama, sannan suka dawo suka sauka can gefe suka ci gaba da tsattsagar abincinsu kamar ba abin da ya faru. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, na yi aure na haihu, amma wallahi har yau in na tuna sai na ji sanyin lakar nan a ƙafafuna.

Sunana Hajara, amma ba mai kirana da shi a gidanmu, domin sunan mahaifiyar Baba na ci. Kowa Ummi yake ce min, shi kuwa Baba sai dai "Uwata". Wannan suna shi ya sangarta ni, don kowace irin ɓarna na yi, in aka kai masa ƙara sai ya ce shi ba zai iya dukan uwarsa ba. Inna ce mai hannu, kuma hannun nata ba ya neman shawarar kowa. Gidanmu yana gangaren gari ta wajen kogi, kuma kamar gidaje da yawa na unguwar, gidan ginin tukwane ne. Kullum tsakar gida cike take da randuna da tuluna da kasake da asusu an jera su a inuwa suna shan iska, kaji na ratsawa ta tsakaninsu, Inna na bin su da jifa da zagi. Aikina shi ne tattaka yumɓu da ƙafa har sai ya yi laushi, da ɗebo ruwa, da rainon Nura, wanda tun da aka yi sunansa bayana ya zama gadonsa. Sai kuma aikin da na fi so duk a ciki, wato kai wa Baba abincin rana a lambu.

Da damina kogin namu ba ya wasa, yakan cika ya batse har ya taɓo katangun gidajen ƙarshe. Amma in rani ya yi sai ya ja jiki, ya bar faffaɗan yashi fari fat, ruwan ya koma can gefe guda yana tafiya a hankali. Lambun Baba yana kan wani tudu a tsallaken wannan yashi. Albasa ce da tumatir da latas, kwami-kwami, sai wata 'yar rumfa ta zana da yake fakewa in rana ta take, da tsohon injin ban ruwa ja wanda in ya tayar da shi, ko ihu kake a kunnensa sai dai ya bi bakinka da kallo. Daga gangaren unguwarmu ana hango rumfar sarai, amma ba a miƙe ake zuwa ba. Sawun shanun Fulani ake bi, shi kuwa wannan sawu wani uban kwana yake yi, ya zagaye wani fili mai santsi da ke tsakiyar yashin, mai ɗan duhu-duhu, wanda ruwa ke kwanciya a kansa nan da can bai fi tafin hannu zurfi ba. Zagayen nan yana cin lokaci, ga yashi da zafi kamar an zuba garwashi.

A kan wannan fili 'yan tsuntsayen suke yini. Ban san sunansu na littafi ba a lokacin, mu dai 'yan kaɗa-bindi muke ce musu, saboda ba sa tsayawa cak, kullum bayansu na sama yana ƙasa. Ba su kai kurciya girma ba. Bayansu ruwan ƙasa, cikinsu fari, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, ga baki siriri da suke caccaka laka da shi. In sun tashi ƙasa-ƙasa suke bi, suna wani siririn kuka mai shiga kunne. Sukan zo ne in an gama girbi, kafin saukar ruwan farko kuma a neme su a rasa. Abin da ke ba mu tsoro game da su shi ne ba wanda ya taɓa ganin sheƙarsu, ko ƙwansu, ko ɗan tsakonsu. Balbela mun san inda take kwana, zalɓe ma haka, amma su waɗannan sai dai a wayi gari a gan su. Saboda haka manya suka ce mana kajin mutanen ɓoye ne, filin nan kuwa tsakar gidan masu su ce. Ko yara maza masu yawo da danƙo, waɗanda ba sa ƙyale ko ƙadangare, ba sa harbin su. Inna takan ce, "Duk inda kika ga 'yan kaɗa-bindi sun taru, ba wurinki ba ne, akwai masu wurin." Iyakar bayanin da aka taɓa yi min ke nan.

Ba wanda ya ce min rami ne. Sai daga baya na sani cewa 'yan yashi ne suka haƙa shi shekaru biyu kafin nan, suka loda wa tifofi har ya fi tsayin mutum biyu, da damina ta zo ruwa ya cike shi da laka, rana ta busar da samansa ya yi ɓawo. Su kuwa tsuntsayen ba don komai suke taruwa a nan ba sai don lakar tana da taushin da bakinsu zai shiga. Manya duk sun san haka. Amma a ganinsu yaro ba ya jin tsoron laka, aljani yake tsoro, kuma ba su yi ƙarya ba.

Shi Baba wani amfani daban yake yi da su. Ba shi da agogo, kuma ba ya jin kira saboda ƙarar inji, to amma duk ranar da na iso sai na tarar ya riga ya wanke hannu ya zauna a bakin rumfa. Na taɓa tambayarsa yadda yake sanin na taho alhali ya ba hanya baya. Ya yi dariya ya ce, "Uwata, ai 'yan aikenki ke riga ki isowa." Ashe in na biyo sawun shanu na zo daidai gefen filin, tsuntsayen da ke bakin hanya sukan tashi su wuce ta saman lambunsa, fararen cikkunansu na walƙiya a rana. Da ya ga haka ya san tuwo ya kusa. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, har na riƙa buga ƙafa da gangan in na zo wurin.

To, a ranar Juma'ar nan an tashe mu daga makaranta da wuri kamar kullum, amma maimakon in wuce gida sai na tsaya a zauren su wata ƙawata muna 'yar carafke, ina ta cinye su, na ƙi tashi. Ko da na shiga gida Inna ta cika ta yi fam. Ranar kasuwa ce, masu sari na jiran tukwane a ƙofar gida, ga Nura ya ƙi kwanciya. Ta ɗaura min shi ba tare da ta ko dube ni ba, ta ce in jijjiga shi ya yi barci in kwantar a ɗaki, sannan in ɗauki abincin Baba in ruga kafin ya tafi masallaci da yunwa. Doka ce tsohuwa a gidanmu, ba a kai mata jariri kogi. Nura ya yi barci nan da nan, amma na san halinsa sarai, ana kwance majanyi zai buɗe baki, in ya buɗe kuwa sai an yi rabin sa'a ana fama. Ni da shegen wayona sai na zura dogon hijabina na Islamiyya ya rufe mu ni da shi, na ɗora fanteka a ka, kwanon tuwo da na miya a ciki, na yi wuf na fice ta bayan masu sari. Inna tana can tana ƙirga randuna, a zatonta ɗanta yana ɗaki.

Da na gangara na hango rumfar Baba, na dubi uban zagayen da ke gabana, na dubi filin nan shimfiɗe sumul, ga sanyi ga laushi, sai wata dabara ta faɗo min. A makon nan ne na haddace Ayatul Kursiyyu, malaminmu har ya sa aka yi min kabbara, ya kuma ce mana wanda ya karanta ta babu shaiɗanin da zai kusance shi. Na ce a raina, to ai shi ke nan. Tunda abin da ke filin nan mutanen ɓoye ne, ga shi kuma ina da maganinsu a baki, me zai sa in ƙona ƙafata a banza? Na tsaya a bakin filin na karanta tiryan-tiryan ban ci gyara ko ɗaya ba, na tofa dama da hagu, na tofa ta kafaɗa saboda Nura, na sa kai. Malam gaskiya ya faɗa, babu aljanin da ya taɓa ni a ranar. Bai dai ce ayar tana hana laka zama laka ba, ni ce na ƙara wannan da kaina.

Taku goma na farko daɗi ne zalla. Ƙasar tana ɗan lotsawa tana dawowa, ga sawun tsuntsaye ko'ina birjik. Har na fara tsara yadda zan ba 'yan ajinmu labari. Sai na ji ƙafar dama ta fasa ɓawon ta shige. Na yunƙura in zaro ta, ta hagu ma ta bi. Kafin in ce wayyo na kai gwiwa, kafin in sauke fanteka na kai cinya. A nan ne tsuntsayen suka yi tashinsu na farko. Na kurma ihu, na kira Baba, na kira Inna, na kira sunan duk wanda na sani, amma injin nan yana ta bugawa, ina hango bayan Baba ɗan mitsitsi ya duƙa yana buɗe wa kwami ruwa. Na yi ta fizge-fizge kamar akuyar da aka ɗaure, kuma duk fizga ɗaya sai na ƙara yin ƙasa. Ni da na yi shekaru ina tattaka yumɓu, na san yadda yake riƙe ƙafa, amma na gidanmu yana da ƙasa a ƙarƙashinsa. Wannan na miƙa yatsun ƙafata iya miƙawa ban taɓo komai ba.

Abin da ya dawo da ni hayyacina shi ne ƙafafun Nura. Na ji ya motsa, na kai hannu baya na shafa, sai na ji dugadugansa sun jiƙe. Lakar ta kai ƙuguna, shi kuma tana lasar ƙafarsa. Innalillahi! Nan fa na manta da kaina. Na cire hijabi na shimfiɗa a cikin fanteka bayan na fitar da kwanukan, na kwance majanyi a hankali, na zagayo da shi ta ƙarƙashin hammata na kwantar a ciki. Ikon Allah, yaron da ba a kwance masa goyo bai yi kuka ba, ranar sai ya yi miƙa kawai ya sa yatsa a baki. Na tattara ƙarfina na tunkuɗa fantekar ta wajen da na fito, ina so ta zame har kan yashi mai ƙarfi. Ta tafi suuu, sannan ta tsaya. Ba ta kai gaɓa ba, ni kuma hannuna ba ya kai mata. Ta zauna a tsakiya ta ɗan karkace, ɗan ruwan saman lakar yana taɓa leɓenta ta ɓangare guda. Tunkuɗawar nan kuma ta kai ni har cibiya.

Sai Nura ya farka. A watan nan ya koyi zama, yana kuma koyon kama abu ya miƙe. Na ga ɗan kansa ya ɗago, ya kama bakin fanteka da hannu biyu yana waige-waige. Da na ƙara ƙwala wa Baba kira sai ya juyo ya gan ni, ya washe baki, ya miƙo hannu zai taho wurina, fantekar ta ƙara karkacewa. Na haɗiye ihun nan da ƙyar. Na gane in na sake ɗaga murya, yaron nan zai kifo da fuska a cikin laka ina ji ina gani, kuma ba abin da zan iya. Na koma yi masa magana ƙasa-ƙasa, ina murmushin dole hawaye na zuba. "Zauna, Nuran Inna. Zauna abinka, ɗan albarka. Ga ni nan." Ya koma ya zauna daɓas yana wasa da bakin hijabi. Na daina motsi gaba ɗaya, ko numfashi a hankali nake ja.

Da wurin ya yi tsit sai tsuntsayen suka fara matsowa. Ɗaya ya zo, biyu suka biyo, can sai ga su sun kewaye mu, suna tafiyarsu ɗas-ɗas a kan lakar da ta cinye ni, ko alamar lotsawa ba ta yi. Wani har ya zo gindin fanteka yana kaɗa bindi, yana leƙen Nura da ido ɗaya. Na ce shi ke nan, masu gida sun aiko a duba abin da suka kama. Na soma karatu ina sarƙewa, ayar da na kawo ɗazu ba gargada yanzu ta ƙi fita daidai. Ina cikin haka na ji an ɗauki kiran salla daga cikin gari. Na san Baba in ya ga abinci bai zo ba, zai kashe inji ya bi ta ɗaya hanyar da ke ɓullewa wajen gada ya wuce masallaci, ba zai biyo ta nan ba. Sai a lokacin maganarsa ta faɗo min, ta 'yan aikena. Muddin tsuntsayen nan suna zaune lafiya suna kiwo, duk wanda ya hango filin daga nesa zai ce babu kowa a wurin. Shirun da nake yi don kada Nura ya faɗo, shi ne yake ɓoye mu.

Kwanukan suna kusa da ni, sun fara nutsewa su ma. Na zare murfin kwanon tuwo, na auna can nesa da fanteka inda suka fi yawa, na wurga. Ya faɗi ya yi ƙara, suka tashi gaba ɗaya da siririn kukan nan, suka bi ta saman lambu, suka karkato fararen cikkunansu suka dawo. Na ƙura wa bayan Baba ido. Na ga ya ɗago. Wallahi na ga ya ɗago, ya yi jim, sannan ya sake duƙawa. Ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba, ko kafin nan ko bayan nan. Wurgin ya kai ni har ƙirji, lakar ta matse ni ina jan numfashi da ƙyar. Nura kuma ƙarar ta ba shi sha'awa, ya sake kama bakin fanteka yana ɗaga gindi, ruwa ya fara silalowa ciki yana jiƙa hijabin. Kwanon miya ya riga ya shige. Na tuwo ne kaɗai ya rage, shi ma sai da na miƙa yatsu na jawo shi da ƙyar.

Dole na jira su dawo su sauka, don tsuntsun da ke sama ba a tayar da shi. Ban san ko minti nawa ba ne, ni dai na ga kamar an yini. Suna sauka ɗaya-ɗaya, ina ce wa Nura zauna, zauna, muryata ta dishe. Da na ga sun taru na juye tuwon, na riƙe kwanon da hannu biyu a saman kaina, na ce Bismillahi, na jefa da duk abin da ya rage a jikina. Suka tashi. Ni kuma na yi ƙasa har hammata, hannayena suka kwanta a kan laka na kasa ɗaga su. Ban ma iya juya wuya in dubi lambu ba. Sai kawai na ji ƙarar injin ta ɗauke ɗif.

Ban ga tahowar Baba ba, sai muryarsa na ji a bayana yana cewa, "Kar ki motsa, Uwata. Kar ki ce komai." Ya finciko zanar rumfarsa guda biyu ya taho da su a ka, da tiyon ban ruwa a kafaɗa. Ya shimfiɗa ɗaya a kan lakar ya kwanta rubda ciki, ya tura ɗayan gaba ya ja jiki ya hau, har ya kai ga fanteka. Bai ɗauki Nura ba, fantekar ya jawo gaba ɗaya a hankali, ya koma da baya da ita har kan yashi. Sai a nan yaron ya tsanyara kuka, ni kuwa ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba. Sannan ya dawo kaina. Ya zura min tiyo ta ƙarƙashin hammata, ya ce in kwanta da baya kamar mai shirin barci, in riƙa motsa ƙafa ɗaya kaɗan-kaɗan. Ya daɗe yana ja yana hutawa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana ta salati. Da lakar ta sake ni, zanina da takalmana suka zauna a ciki. Ya tuɓe rigarsa ya zura min, ya zauna a kan yashi da Nura a cinya. Ranar Baba bai sami Juma'a ba.

Da muka shiga gida mun tarar Inna ta fito tsakar gida ba ɗankwali, ta duba ɗaki ba yaro, an bazama nema a maƙwabta. Ta dube mu ni da Baba, laka tun daga kai har ƙafa, ta karɓi ɗanta ta juya shi gaba da baya. Na tsaya ina jiran dukan da na san na ci, har na ƙagu a yi a gama. Ba ta taɓa ni ba. Ta zauna a kan turmi ta ba shi nono, hawaye na ɗiga a kansa, ta yi kwana biyu ba ta ce min uffan ba, kuma da duka ta yi da ya fi min sauƙi. Da na gaya wa Baba dalilin da ya sa na bi ta filin, sai ya dafa kaina. Ya ce, "Addu'arki ta karɓu, ba ga ku nan ba? Laifinmu ne da ba mu ce miki rami ne ba." Washegari ya tara yaran unguwa ya kai su bakin filin, ya soka doguwar gora a gabansu har ta ɓace. Na yi wata guda ina firgita a barci, kuma ban ƙara tattaka yumɓu ba sai da aka yi da gaske.

Baba bai sake tayar da zancen ba sai a ciwonsa na ƙarshe, shekara huɗu da suka wuce. Ina zaune ina yi masa fifita, Nura ya fita sayo magani, sai ya ce, "Uwata, kin san sau uku suka tashi?" Na ce na sani. Ya ce, "Na farko na ce shaho ne. Na biyu na ɗago na duba hanya ban gan ki ba, na ce kare ne, bari in ƙarasa kwamin nan. Kwamin albasa, Uwata." Ashe shekara da shekaru yana ɗauke da wannan, ni ina can ina ɗauke da nawa. Na ce masa ai ya zo, kuma zuwan shi ne magana. Ya ce to da bai kula da na ukun ba fa? Na yi dariya na ce sai in tayar masa da na huɗu. Ya yi murmushi, ya ce haka ne, Uwata ba ta rasa dabara.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Sabon Gari, Nura kuwa yana jami'ar nan ta garinmu, ya fi ƙofar ɗakin Inna tsawo, kuma in aka ba shi labarin dariya yake yi, ya ce shi dai an ce ya taɓa tuƙa jirgi. Na karanta cewa tsuntsayen daga ƙasashen sanyi masu nisa suke zuwa, su ƙetare hamada, a can suke sheƙa su yi ƙwai, shi ya sa ba mu taɓa gani ba. Nakan gaya wa ɗalibaina haka, in kuma gaya musu rami sunansa rami. Tifofi sun cinye tudun da lambun Baba yake, ramukan sun fi na da yawa, su kuwa 'yan kaɗa-bindi sai ka yi sa'a za ka ga biyar a wuri ɗaya. Duk da haka in na hau gada da rani, ko a cikin mota nake, sai na leƙa na ga ko suna zaune ko sun tashi, in kuwa na ga sun tashi ba dalili, ba na samun natsuwa sai na ga abin da ya tashe su. Inna ta yafe min tuntuni, Nura bai ma san akwai abin yafewa ba. Abu ɗaya ne na bar Baba ya tafi bai sani ba, kuma ban yi nadama ba. Babu na huɗu, kwanon nan shi ne na ƙarshe.